Ƙidayar da Ta Tsallake 'Ya'yan Fari

A shekarar da rediyo ta cika mana kunne da cewa kowane yaro sai ya shiga makarantar boko, ina zaune a Furfuri, shekarata takwas ke nan a ɗakin miji. Ni 'yar 'Yandoto ce, aure ne ya kai ni ƙasar Bungudu. Aji biyu na yi a firamare kafin a cire ni. Ina iya haɗa baƙi da wasali in an ba ni lokaci, kuma ina ƙirga har ɗari ba gargada. A unguwarmu wannan ya isa a riƙa kawo mini katin asibiti in duba.

Maigidana manomi ne. Shekara uku kafin nan, malaman gona na tsohuwar jami'ar da ke gabas da mu suka roƙe shi wani yanki na gonarsa. Suka kafa turaku, suka raba wurin gida-gida kamar ramukan dara, suna gwajin irin auduga da na gero. Da farko mutane sun yi masa dariya, wai ya ba 'yan boko aron ƙasar ubansa. Da audugar ta fashe, dariyar ta ragu. Malamin gonar da ke zuwa duba wurin kuwa ya zama ɗan gida, har ya san ranar da nake miyar kuka da wake.

Wata rana bayan an gama kai amfani gida, malamin gonar ya zo da baƙi biyu a mota. Ɗaya dattijo ne mai sanƙo da tabarau, ana ce masa Malam. Ɗayar budurwa ce doguwa, ɗalibarsa, ta rungume wata jaka kamar mai goyo a gaba. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ni kuma na kawo ruwa na tsaya bayan ƙofa, don ban iya jin baƙi a gida in koma bakin murhu hankali kwance ba.

Malam ya ce su daga sabuwar jami'a suke, wadda ake ginawa a cikin gonaki, nesa da birni. Su baƙi ne a ƙauyuka, ba wanda ya san su. Malaman gona kuwa sun san hanya, sun san masu gari, an ci tuwo da su. Shi ya sa jami'o'in biyu suka haɗa gwiwa: waɗannan da takardu da tambayoyi, waɗancan da sanin ƙofar da za a yi sallama.

“So muke mu san yara nawa ne a ƙasar nan,” in ji shi, “daga na goye har mai shekara bakwai. Da wannan za a san benci nawa kafinta zai haɗa bana. Da shi za a san makarantun gaba nawa ake bukata in sun gama firamare. Mu kuma da shi za mu san ɗaki nawa za mu gina. Yaron da ke tsotson yatsa yau, nan da shekara goma sha wani abu, a ƙofarmu zai yi sallama.”

Maigidana ya ce, “Malam, wanda bai ga damina mai zuwa ba, ƙaƙa zai yi lissahin damina goma sha biyar?”

“Na ga ƙaramin mangwaro a bayan gidanka da ka kewaye da ƙaya,” in ji Malam. “Bana kake sa ran sha?”

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Iyakar hangena a lokacin shi ne rumbu: zai kai mu shuka ko ba zai kai ba. Ko tari yaro ya yi sai in kasa cin abinci. Ga wasu bayin Allah suna zaune a zaurenmu suna maganar shimfiɗa wa ɗan goye gado a wani gini da ko tubalinsa ba a buga ba. Ban san akwai irin wannan aikin a duniya ba.

Abin da ya kawo su gidanmu shi ne, namiji ba ya shiga cikin gidajen mutane, kuma budurwar, wadda muka riƙa kira Malama, tana bukatar 'yar gari da za ta riƙa raka ta. Malamin gona ya ce matar gidan nan ta taɓa boko. Maigidana ya yarda, da sharaɗin in dawo kafin la'asar.

Malama a barikin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife ta, iyayenta mutanen nesa ne. Hausa a bakinta kamar ruwa, amma Hausar kasuwa da makaranta ce, ba ta cikin ɗaki ba. Ta nuna mini yadda aikin yake. Kowace mace da katinta. A ƙarƙashin sunan mace ake jera 'ya'yan da ta haifa da cikinta, ba waɗanda ke gidan ba.

“Yaranku yawo suke yi,” ta ce. “Yau yana gidan kaka, gobe gidan gwaggo. In muka bi gida-gida sai mu ƙirga yaro ɗaya sau biyu. Amma uwa ɗaya ce. In muka ɗaure kowa a jikin uwarsa, ba wanda zai maimaitu, ba wanda zai ɓace.”

Na jinjina wannan dabara ƙwarai. Sai ta ce bari ta fara da ni.

“'Ya'ya nawa kika haifa da ke raye?”

“Biyu,” na ce.

Ta rubuta mai shekara huɗu da wanda ke bayana. Ta wuce gaba.

Uku na haifa. Amma ta farin ba a faɗa. Haka na taras, haka uwata ta taras. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ana lissafin 'ya'yanta ba ta sa shi ciki. Kunya ce, kuma ita ce alamar an yi wa mace tarbiyya. Tawa tun da aka yaye ta Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta zuwa 'Yandoto. “Yarinyar Inna” nake ce mata, ita kuma tana ce mini Yaya. Ban yi wa Malama ƙarya da gangan ba. Bakina ne ya ba da amsar da ya saba bayarwa.

Muka shiga gari. Sanin shekarun yara shi ne aiki, don ba mai takardar haihuwa. Malama tana da jerin abubuwan da kowa ya tuna. Sai ta ce, “An haife shi kafin a canza kuɗi ko bayan an canza? Kafin motoci su sauya hannu? Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa yana rarrafe ko yana tafiya?” Mata su yi ta gardama da junansu, wannan ta ce da gyaɗa aka haife shi, waccan ta ce ƙarya ne, ana sussukar dawa. Wata tsohuwa ta dubi wandon da ke ƙarƙashin zanen Malama ta ce, “Ke da kike ƙirga na mutane, ina naki? Ko sai kin gama gina musu ɗakuna?” Malama ta ce ai jira take tsohuwa ta ba ta jikanta. Aka tuntsire.

Tun a gida na uku na lura. Na san matan nan, na je sunan 'ya'yansu. Mai huɗu sai ta ce uku. Mai uku ta ce biyu. Wata da ke da ɗa ɗaya tal ta sunkuyar da kai ta ce, “Tukuna dai.” Malama har ta yi mata addu'ar Allah Ya kawo masu albarka.

A rugar Fulani da ke bayan rafi abin ya fi fitowa fili. Matar ta ce biyu, alhali ga wata yarinya tsaye kusa da ita da ƙwarya a ka, kamanninsu ɗaya har wushirya. Malama ta nuna ta.

“Wannan fa?”

Matar ta kau da kai wajen shanu. “Wagga? Ta mutanen gida ce.”

“To, za a rubuta ta wurin uwarta,” in ji Malama, ta rufe katin.

Me ya hana ni magana? Na sha tambayar kaina. Na farko dai na ɗauka mutanen da ke hango shekara goma sha biyar ba za su rasa sanin abin da kowace jaririyar amarya ta sani ba. Wataƙila suna da wata hanyar cike gurbin a can ofis. Ni wace ce da aji biyu? Na biyu kuma, in na buɗe baki a kan na wasu, maganar za ta biyo ta kan nawa katin.

Ana nan wata rana muna hutawa a gindin tsamiya, na daure na ce, “Malama, in ba a rubuta yaro ba hwa?”

“Ba za a kore shi ba,” ta ce. “Amma benci da littafi da malami duk a kan lissafin nan za a aiko su. Waɗanda ke cikin takarda su za a fara kira. In wuri ya cika, saura sai baɗi. Wanda kuma shekarunsa suka haura, wataƙila shi ke nan.”

Yarinyar Inna ta kusa bakwai. Ba ta da baɗi. Ni na san abin da aji biyu ya yi mini, na kuma san yadda nake ji in na kai tsakiyar takarda karatun ya tsaya mini. Na rarrashi kaina da cewa ai akwai wasu masu katin da aka tura ƙasar Tsafe, inda 'Yandoto take, can za su gan ta su rubuta.

Bayan mako biyu aka yi haihuwa a danginmu, na tafi suna 'Yandoto. Da hayaniya ta lafa na sami Inna tana kaɗi a ƙofar ɗaki.

“Inna, masu ƙirgar yara sun zo nan?”

“Awo, sun zo. Wata 'yar boko da matar ladan.”

“Mi sunka tambaye ki?”

“Ɗiyan da na haihwa. Na ce autata ma ta yi aure, su tahi gaba.”

“Ba su ga… yaran gida ba?”

“Sun gan ta mana, ita ta ba su ruwa. Sunka ce wurin uwatta za a rubuta ta.” Ta tsayar da mazari ta dube ni. “Ke hwa? Kin hwaɗa?”

“Haba Inna!”

“To, madalla. Da kin hwaɗa da na ce musanya mini ke anka yi ranar wanka.”

Ta ci gaba da kaɗinta, ta gamsu da tarbiyyar da ta yi. Yarinyar kuwa ba ta katin Furfuri, ba ta na 'Yandoto. Duk faɗin ƙasar nan da ake ƙirgawa, ba inda take.

Da zan tafi yarinyar ta rako ni bakin hanya tana riƙe da ƙullin kayana. Muka wuce inda magina ke ɗora bulo na sababbin azuzuwa. Ta san komai a kansu: tagogi nawa, ranar da aka kawo kwano, wane magini ne mafaɗaci. “Yaya,” ta ce, “an ce da suna za a kira mutum, ɗaya bayan ɗaya. In an kira ka sai ka ce na'am da ƙarhi.” Ta gwada mini yadda za ta ce. Na ce ta rage surutu, mota na zuwa. Har muka kai Gusau ban san wanda ke zaune kusa da ni ba.

Na yi niyyar gaya wa Malama sau uku. Sau uku ina fasawa. Maigidana ma ba zan iya tunkararsa da ita ba, don shi ma kunyar ta hau kansa, bai taɓa ambatar yarinyar a gabana ba sai dai ya ce “mutanen 'Yandoto”.

Sai aka aiko cewa duk masu aikin za su haɗu a Gusau su tattara katunansu, kuma ana son matan da suka yi rakiya su zo a yi musu godiya. Maigidana ya kai ni, ya zauna a waje wurin malamin gona. Wani babban ɗaki ne a wata makaranta. Mu mata shida aka sa mu a bencin baya: ni, da wata dattijuwa daga Wonaka, da matar ladan ɗin 'Yandoto, da wasu uku.

Abin da na gani a ɗakin nan har yau yana idona. An manna wata babbar takarda a bango, an zana ƙasarmu duka a kai. Ga gulbi da shuɗin layi, ga hanyar jirgi, ga hanyar mota ta fito daga Tsafe ta ratsa Gusau ta nufi Bungudu. Kowane gari an soka masa allura mai kai. Malama ta nuna mini ta Furfuri. Tafiyar da ke cinye mini yini daga gidan miji zuwa gidan Inna, a nan ba ta kai tsawon hannuna ba. Na ce a raina, ashe haka shaho ke ganinmu.

A gefe kuma ga zanen jami'ar, dogayen gine-gine da bishiyoyi a jere, har da mutane ƙanana suna tafiya da littattafai. Na tambaya ko haka wurin yake. Malama ta ce a'a, yanzu karan dawa ne a wurin, wannan yadda zai zama ne.

Sai katunan. An cika akwatuna da su, kowane kati da ƙananan huji a gefensa, wasu hujin an tsage su har baki. Wani ɗalibi ya ɗauki dogon tsinken ƙarfe irin na saƙa, ya zura a huji ɗaya ya ratsa katuna masu yawa, ya ɗaga ya girgiza. Wasu suka zubo kan tebur, saura suka rataye. Ya ce waɗanda suka zubo su ne matan da ke da ɗa mai shekara shida. Ya sake zurawa a wani hujin, ya girgiza, ya ce waɗannan masu goyo ne. Dattijuwar Wonaka ta ce, “La'ilaha illallahu. Tankaɗe yake yi da mutane.” Ni kuwa ido na zuba wa waɗanda suka zubo da farko. Na san nawa ba ya ciki.

Malam ya tashi ya yi godiya, sannan ya ce akwai abin da ya ɗaure musu kai. Ya yi maganar da Hausa don mu ji. A duk garuruwan da aka bi, in aka dubi shekarar da mace ta yi aure da shekarar babban ɗanta, sai a ga tazara mai tsawo. Kamar dai matan ƙasar nan ba sa samun haihuwa sai sun daɗe a ɗaki. Ba a ga haka a wasu wurare ba. Wani likita da ya zo daga tsohuwar jami'ar ya ce wataƙila wani ciwo ne a ruwan sha, ko kuwa ɓari ne ke yawa ba a faɗa. Ya ce zai nemi izini a zo a ɗebi jinin mata a auna. In kuwa haka abin yake, in ji Malam, to yara ba su kai yadda aka zata ba, sai a rage azuzuwa a wasu garuruwan, su ma su rage abin da za su gina.

Mu shida muka dubi juna. Matar ladan ta rufe baki da mayafi. Dattijuwar Wonaka ta mintsine ni a cinya.

“Ke mai boko, tashi ki gaya musu, tun ba su zo sun zuƙe muna jini a banza ba.”

“Ni? Ai ke ce babba.”

“Babba a shekaru. Tashi, ko in ce kina da magana.”

Na jawo gefen rigar Malama don in raɗa mata a kunne, ita ta faɗa. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, abokiyar aikina tana da magana.”

Abokiyar aiki. Ɗaki ya juyo gaba ɗaya. Na miƙe, yaron da ke bayana ya farka ya fara ƙananan kuka. Ban taɓa magana a gaban maza fiye da biyu ba.

“Allah shi gafarta Malam,” na ce. “Ba ciwo ba ne.”

“To mene ne, Malama?” in ji shi, da ni yake.

“Akwai wanda ba a hwaɗi.”

“Wa?”

Na dubi ƙasa. “Na farin.”

Likita ya dubi Malam yana jiran bayani. Malam ya cire tabaransa a hankali, ya ajiye a tebur, ya dafe sanƙonsa da hannu biyu. Na ce shi ke nan, na kunyata babban mutum a gaban ɗalibansa, yau maigidana zai ji a jikinsa.

Sai na ji ya ce, “Inna lillahi.” Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba. “Jama'a, ni ɗan fari ne. Ga furfura a gemuna, har yau tsohuwata ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Da an kai mata katin nan, da ba na cikin lissafi.” Ya girgiza kai. “A ofis na zauna na tsara tambayoyin nan da Turanci. Na tuna da komai, na manta da uwata.”

Ya yi wa likita da sauran baƙi bayani. Sannan ya juyo wajen bencinmu, ya ce laifin nasa ne, ba na ɗalibai ba, ba na matan da aka tambaya ba. Na ga taswira a ranar, na ga tsinke mai tankaɗe mutane, amma wannan ya fi ba ni mamaki. Mutum mai wannan ilimi, a gaban yaransa, a gaban matan ƙauye, ya ce ya yi kuskure, kuma bai ko rage murya ba.

“To yaya za mu gyara?” ya ce. “Mu tambayi ungozomomi? Su suka yanke cibiyar kowa.”

Da yake bakina ya riga ya buɗe, sai na ji na ce, “Ba za su sani ba, Malam. Haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa yi. Ungozomar wani gari ce ke karɓa.”

“Ka ji kuma,” in ji shi ga likita. “To wa za a tambaya?”

“Maƙwabciya. A tambaye ni na maƙwabciyata, a tambayi maƙwabciyata nawa.”

“Wannan gaskiya ne,” in ji dattijuwar Wonaka daga zaune. “Mu dai a tambaye mu na maƙwabta. Har wanda ke ciki wata biyu sai mu hwaɗa maka, da ranar da anka yi shi.”

Ɗaki ya fashe da dariya, har ɗaliban suna buga tebur. Malam ya sa aka rubuta yadda na faɗa, ya ce a koma kowane gari a sake bi, kuma duk yaron da ke riƙo a wani wuri a rubuta garin da yake kwana, don can za a kai bencinsa.

Ana watsewa na hangi Malama a bakin akwatin Furfuri. Ta zaro kati ɗaya ta daɗe tana dubawa. Aure shekara takwas, babban ɗa shekara huɗu. Ta ɗago ta dube ni. Na gyara goyo. Ta mayar da katin a aljihun jakarta, ba cikin akwati ba.

Muka sake bin gari, wannan karon ta kan katanga da zana. Aikin ya fi na farko daɗi, don mace na ba da labarin 'ya'yan maƙwabciya ita kuma maƙwabciyar tana daga ɗaki tana jefo gyara: “Ba da rani ba ne, munahuka, da kaka ne!” Matar da ta ce mana “tukuna dai” ta shige bayan rumbu da aka ambaci ɗanta, amma na ga kafaɗunta na rawa don dariya.

Gidana Malama ta bari na ƙarshe. Ta zauna a kan turmi ta ce in kira maƙwabciyata. Na kira ta, na ɗauko kwandon gyaɗa na juya musu baya ina ɓara.

Maƙwabciyar tawa ba ta iya magana a hankali ba. Ta faɗi sunan yarinyar cikakke, sunan yanka, ta haɗa da na ubanta. Tun ranar suna ban ji an faɗe shi a kusa da ni haka ba. Ta ce an haife ta shekarar da sojoji suka dawo gida daga yaƙi, tana 'Yandoto wurin kakarta, kuma wayo gare ta kamar zomo. Ina jin alƙalami na tafiya a kan kati. Gyaɗar da na ɓare a lokacin, rabi a cikin ɓawo na zuba ta.

“Haka ne?” in ji Malama, ta juyo wajena.

“Kada ki tambaye ta,” in ji maƙwabciyata. “Ba ta ji komai ba. Ba ki ga aiki take yi ba?”

Na ji ƙarar ɗan abin da ake tsage huji da shi, ƙas, sau ɗaya.

Da damina ta ja baya, gero ya fara nuna, aka sa ranar ɗaukar yara. Na ce wa maigidana zan kai wa Inna daddawa. Ya dube ni, ya dubi ɗan ƙullin da bai kai a yi masa tafiyar yini ba, ya ce in gaishe da mutanen 'Yandoto.

Filin makarantar ya cika. Iyaye a tsaye, yara an shafe su da mai sai ƙyalli suke. Inna ta zo da ƙafarta tana mita, wai boko ba salla ba ne, amma tunda mai gari ya ce an rubuta, ba ita za ta ja da hukuma ba. Na tsaya daga baya cikin mata, kamar wadda ta zo kallo. Wani malami ya hau kan tebur da takarda yana kira. Duk wanda aka kira sai babba ya kamo hannunsa ya kai shi ƙofar aji. Aka yi ta kira. Aji ɗaya ya cika aka koma na biyu. Na fara cewa a raina katin ya ɓace a hanya, ko an kai shi wani gari.

Sai aka kira ta. Na'am ɗin da ta yi, har malamin sai da ya ɗago kai.

“Wa ya kawo ta?”

Kowa ya dubi Inna. Inna, wadda ta tako tun daga gida ba ko sanda, sai ta dafa gwiwa ta zauna a kan wani bulo.

“Wash, ƙahwata,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Ke, zo ki raka mini yarinyar ga.”

Na ratso mutane na kama hannunta. Ɗan ƙarami ne, da ɗumi, yana santsin man gyaɗa. Tun da aka yaye ta ban riƙe shi a gaban jama'a ba. Taku ashirin ne ko ƙasa da haka zuwa ƙofar, ita tana jan ni don sauri, ni ina jan ƙafa.

A bakin ƙofa wani malamin ya duba takardarsa ya ce, “Ke ce uwar?”

“Aiko ni anka yi,” na ce.

Ya sa alama a gaban sunanta. Ta zare hannunta daga nawa ta shige, ko waiwaye ba ta yi ba.